Yadda ake tafiyar mota daga Alƙahira zuwa gidan zuhudun Sant Katrin a tsaunukan Sina'i

Kafin ka nemi mota ko ka haɗa jaka ka fara sanin wannan: ƙofar gidan zuhudun nan, inda Kiristoci masu keɓe kai dan ibada ke zaune, da safe kawai ake buɗe ta ga baƙi, daga wajen ƙarfe 9 zuwa kafin 12 na rana, shikenan an rufe sai gobe. Ran Lahadi a rufe take, Juma'a ma kar ka dogara da ita, sannan ga ranakun bukukuwan cocinsu da suke bin tsohuwar kalanda, basa faɗowa daidai da na sauran Kiristoci. Dan haka duk lissafin tafiyar daga wannan ƴar ƙofar zaka faro shi ka dawo baya. Kamfanonin yawon buɗe ido abinda sukeyi shine su kwaso mutane daga otal cikin dare a bas, a hau dutsen Jabal Musa da ke kusa da gidan a duhu, a shiga gidan ana gyangyaɗi, a juyo kowa na bacci. Ni a ganina wanda yayi haka ya biya kuɗi ne ya zubar da rabin tafiyar, dan hanyar kanta abin kallo ce kuma da rana ake ganinta. Tsarin da zan baka na kwana huɗu ne: ranar farko hanya, ta biyu gidan da dutsen, ta uku gangarawa garin Dahab na bakin teku ta wata hanyar daban, ta huɗu komawa Alƙahira.

Mataki na farko, takardu da zaɓen rana

Ka zaɓi ranar da zaka shiga gidan tukuna, Talata ko Laraba ko Alhamis sunfi kwanciyar hankali, sai ka tashi daga Alƙahira ana gobe. Ka sa otal ɗin da zaka sauka a garin Sant Katrin su tabbatar maka a waya cewa ranar ba ranar biki bace, su suna kusa sun sani. Lokacin da yafi daɗi shine Maris zuwa Mayu ko Oktoba zuwa Nuwamba. Garin yana sama da mita 1,500 daga teku, a Disamba da Janairu sanyi har ƙasa da sifili yake sauka kuma dusar ƙanƙara tana zuba a kan duwatsun, mutane da yawa jin sunan Masar kawai suke su taho da ƴar shat su sha mamaki.

Fasfo da bizar Masar a jikinka koda yaushe, ba a cikin akwati a but ba, dan za'a tambaya sau da yawa. Akwai wani hatimin Sina'i kaɗai na kwana 15 da ake bugawa ƴan wasu ƙasashe a filin jirgin Sharm el-Sheikh, wannan baya kai mutum Alƙahira, toh tunda kai daga Alƙahira zaka taso cikakkiyar biza kake buƙata. In kai zaka tuƙa sai da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa haɗe da naka na gida. Kayi fotokwafin fasfo kaman guda biyar ka ajiye a gaban mota, yana rage tsayuwa a shinge.

Na biyu, motar

Anan mutane ke kuskure, suna ɗauka tunda hamada ce sai jif mai 4x4. A'a. Titin kwalta ne tun daga Alƙahira har ƙofar garin, ƙaramar mota mai lafiya ta isa, kuma jif ɗin ma matsala zai jawo maka dan tsallakawa Sina'i da mota mai 4x4 sai da izini na musamman daga ma'aikatar cikin gida, in babu za'a iya juyo da kai daga bakin mashiga. In ka karɓi motar haya ka gaya musu ƙarara Kudancin Sina'i zaka, su rubuta, kar inshora ta zame maka daga baya. Ka duba safaya taya da idonka ka tabbata akwai iska, jak da sifana suna nan, ruwan lagireto, birki, fitilu, da esi. Ka ɗauki hoton jikin motar ta kowane ɓangare kafin ka fita da ita.

Gaskiya in wannan ne zuwanka na farko kuma Larabcinka bai nuna ba, ka ɗauki mota da direbanta ɗan ƙasa. Kuɗin yafi yawa amma shi zai ringa magana da ƴan sanda, ya san inda tudun rage gudu ke ɓuya ba fenti, kai kuma idonka na kan duwatsu maimakon kan tirela. Kuyi ciniki tun farko akan kwana nawa, wa zai biya mai, ina zai kwana, kuma ka faɗa masa zaka ringa tsayawa a hanya, kar ku fara rigima a tsakiyar daji.

Abin zubawa a mota: ruwan sha katan guda aƙalla, abin taɓawa, tocila ta goshi in ka samu, fawa banki, rigar sanyi mai kauri da hula da safa, takalmi mai riƙe ƙafa wanda ka saba dashi, da tsabar kuɗi fam na Masar ƙanana-ƙanana dan a can sama kati baya aiki kuma babu mai canji. Ka sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana da intanet sabida sabis yana ɗaukewa a cikin kwaruruka. Lambar ƴan sanda 122, motar asibiti 123, ƴan sandan yawon buɗe ido 126. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuwa ka barshi a gida, a Masar ba'a wasa da wannan.

Na uku, hanyar kanta

Tafiyar kusan kilomita 450 ce, a lissafin tuƙi awa shida, amma da shingaye da tsaye-tsaye ka bata takwas. Ka fita da asuba bayan sallah kafin cunkoson Alƙahira ya farka, ka kama titin Suwez. Wannan ɓangaren ba abin kallo, ka wuce kawai, amma ka cika tanki kafin ka tsallaka.

Za'a tsallaka ne ta ramin Ahmed Hamdi, titin da ya ratsa ta ƙarƙashin mashigin ruwan Suwez, tsawonsa bai kai kilomita biyu ba amma ka shiga daga Afirka ka fito a Asiya. Kafin shiga akwai bincike sosai, wani lokacin har a sauke jakunkuna. Ka kashe waƙa, ka sauke gilashi, ka cire baƙin tabarau, kayi sallama ka miƙa fasfo, in an tambaya ina zuwa kace Sant Katrin ka faɗi sunan masaukinka. Kar ka ɗaga waya kace zaka ɗau hoton shinge ko soja ko ramin, ko da wasa. Haka zakayi a duk shingen da ke gaba, kuma suna da yawa. Wani wajen zasu rubuta lambar motar da lambar wayar direba, wani wajen suce ka jira motar rakiya. Ka jira. Jami'an nan suna da dalili, Arewacin Sina'i ya sha fama da ƴan bindiga shekara da shekaru, ko a Afrilun 2017 an kai hari a shingen da ke kusa da gidan zuhudun har ɗan sanda ya rasu. Dan haka kana fitowa daga ramin kudu zaka karya, kar taswira ta yaudare ka da wata gajeriyar hanya ta tsakiyar Sina'i.

Jim kaɗan zaka iske Uyun Musa, ƴan rijiyoyi da dabino a gefen titi, wanda mutanen wajen ke cewa nan ne idanun ruwa goma sha biyu suka ɓuɓɓugo wa Annabi Musa (AS) da mutanensa. Minti ashirin ya isa. Daga nan teku na hannun damanka, shuɗi shar, hagu kuma fili ne fetal sai duwatsu can nesa kaman hayaƙi. A Ras Sudr ka ƙara mai ko da tankin bai yi rabi ba, ka karya, kayi uzurinka, dan daga nan gidajen mai sai a hankali. Dokar hanyar kenan, duk inda kaga mai ka sha.

Gaba da Ras Sudr akwai kwanar Hammam Fir'aun, ruwan zafi ne mai warin farar wuta yake fitowa daga gindin dutse ya gangara cikin teku. In lokaci na hannunka ka leƙa, amma kar ka zura ƙafa kai tsaye a bakin inda yake fitowa, yana ƙuna da gaske. Sai Abu Zenima sai Abu Rudeis, garuruwan ma'adinai da man fetur, ba kyau garesu ba amma nan ne mai na ƙarshe da zaka iya dogara dashi. A cikin duwatsun bayan Abu Zenima ne Serabit el-Khadim take, inda fir'aunoni suka haƙi shuɗin dutsen ado suka bar wajen bautarsu, sai dai wannan tafiya ce ta daban da jif da ɗan jagora, kar ka cusa ta a yau.

Bayan Abu Rudeis zaka bar teku ka karya hagu ka shiga Wadi Feiran, toh anan tafiyar ta fara. Ka tambaya a shingen kwanar ko hanyar a buɗe take ga baƙi a ranar, dan akan canza doka, in sunce a'a sai dai ka zagaya ta kudu ta El Tor da Sharm ka ɓullo ta gabas, doguwa ce sosai, dalilin da yasa nace ka fito da asuba kenan. In an barka ka wuce, ka rage gudu. Da farko kwarin a buɗe yake, yashi da tsakuwa da itatuwan ƙaya jefi-jefi da raƙuma suna kiwon kansu, sannan a hankali duwatsun su fara matsowa suna tsawo, launinsu na juyawa daga fari-fari zuwa ja zuwa baƙi, wasu da baƙaƙen jijiyoyi sun ratsa su tun daga sama har ƙasa, titin na lanƙwasa yana bin gindinsu, baka ankara ba sai kawai ka faɗa cikin dabino dubbai a tsakiyar wannan ƙeƙasasshen waje. Dausayin Feiran kenan, mafi girma a Kudancin Sina'i, ga Jabal Serbal ya tsaya a kansa. Tun ƙarni na 4 akwai Kiristoci a nan har da bishop ɗinsu, kangon tsoffin coci na nan akan tuddai, kuma akwai ƙaramin gidan mata ƴan zuhudu da ke ƙarƙashin Sant Katrin. Ka tsaya ka sha shayin Badawiyyai, amma ka nemi izini kafin ka ɗau hoton mutum, mata kuwa kar ma ka fara.

Abu biyu a cikin kwarin nan. Kar ka sauka daga kwalta ka kutsa cikin yashi da mota, zata nutse, sannan Sina'i filin yaƙi ne a 1967 da 1973, akwai wuraren da har yau ba'a gama kwashe nakiyoyi ba. Na biyu in kaga hadari ya haɗu akan duwatsu kar ka faka a ƙasan kwari kace bari ka huta, ruwan da aka yi a nesa inda baka gani ba shi ke gangarowa lokaci guda ya tafi da titi.

Daga Feiran hawa ne kawai, zakaji kunnenka na toshewa iska na sanyi. Zaka ratsa mashigin Watiya inda duwatsu suka tsuke titin, sai farar ƙubba a gefen hanya da mutanen wajen ke dangantawa da Annabi Salihu (AS), sai shingen shiga yankin da aka killace tun 1988, nan baƙi ke biyan kuɗin shiga, ka riƙe rasit ɗin. Yi ƙoƙari ka shiga gari kafin magariba. Tuƙin dare a nan ba dabara bace, raƙumi baya da fitila, wasu direbobin ma basa kunna tasu. Garin zaka ganshi da gine-gine sababbi da ƙura sabida babban aikin da gwamnati ta ɗauko na mayar da wajen cibiyar yawon buɗe ido, ni dai ban ga ya ƙara masa kyau ba. Masauki akwai na gidan zuhudun kansa a jikin lambunsu, akwai sansanonin Badawiyyai masu sauƙin kuɗi, akwai otal. In ka samu na jikin gidan ka kama, da safe kafin bas-bas su iso wajen naka ne kai kaɗai.

Na huɗu, shiga gidan

Ka kasance a bakin ƙofa kafin 9. Mota a ƙasa ake barinta, a taka kaman minti goma zuwa sha biyar. Sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa, maza da mata, gajeren wando baya shiga. Ka tuna ba kango bane, mutane ne ke zaune a ciki suna ibadarsu tun ƙarni na 6 ba'a taɓa tashi ba, ƴan zuhudun ɗariƙar Kiristanci ta Orthodox ne yawancinsu Girkawa, dan haka a rage murya.

Sarkin Rum Justiniyan ne yasa aka gina shi tsakanin 548 da 565, kuma katangar jan dutsen da kake gani yawancinta ta asali ce. Ka ɗaga kai ta gefen arewa zakaga wani ɗan akurkin katako a manne a sama, ta nan ake jawo mutane da kaya da igiya a zamanin da ake toshe ƙofa dan tsoron mahara. A ciki lokaci kaɗan gareka kuma wajen a matse yake, toh ga yadda zaka bi. Fara da babban cocin tun kafin a cika, ka kalli ƙofofin katakon da suke tun zamanin ginin, da zanen ƙananan duwatsu masu ruwan zinare a can saman gaba, ba'a ɗaukar hoto a ciki. Ka fito ka zagaya baya inda itaciyar take, wacce ƴan zuhudun ke cewa daga tsatson wacce Annabi Musa yaga wuta a jikinta ne. Kar ka tsinki ganye, hannayen mutane sun riga sun cinye na ƙasan. Kusa da ƙofa akwai rijiyar da suke cewa a nan ya shayar wa ƴan matan nan dabbobinsu. Malamai da masana tarihi basu haɗu akan cewa lallai nan ne Ɗuri Sina da kwarin Ɗuwa ba, akwai masu nuna wasu duwatsun daban, amma wannan wajen shi aka fi sani kuma shi mutane ke zuwa sama da shekara 1,500.

Sai abinda yafi tsaya min a rai. Dab da hasumiyar ƙararrawar cocin akwai hasumiyar masallaci, kafaɗa da kafaɗa a cikin katanga ɗaya. A zamanin Faɗimiyyawa ne, wajen shekarar 1106, aka mayar da wani ɗaki masallaci, yawanci a rufe yake amma zaka ganshi ta waje. Kuma kar ka fita baka biya ka shiga ɗakin kayan tarihinsu ba, nan ne ainihin dukiyar take. Akwai kwafin takardar amana da ƴan zuhudun ke cewa Manzon Allah (SAW) ya basu ta kare rayukansu da cocinsu, da hoton tafin hannu a jiki, suna cewa ta asalin Sarkin Usmaniyya Salim na ɗaya ya tafi da ita Istanbul a 1517 ya bar musu kwafi. Masana suna jayayya akan ingancinta, amma abinda ba jayayya shine sarakunan Musulmi sunyi ta sabunta musu wannan kariyar kuma gidan ya tsaya ba'a rushe shi ba. Laburarensu na da rubutun hannu sama da 3,000, da Girkanci da Larabci da Suryanci da wasu harsunan, bayan na Vatican, fadar Paparoma, babu kamarsa a irin wannan. Daga nan ne Bajamushen nan Tischendorf ya fitar da Codex Sinaiticus, kwafin Baibul na ƙarni na 4, a 1844 da 1859, mafi yawansa yanzu yana Landan bayan Ingila ta saya daga Tarayyar Sobiyet a 1933 akan fam 100,000, kuma har gobe ƴan gidan basu huce ba. Laburaren ba'a shiga sai da izini, amma ana baje wasu shafukan a ɗakin tarihin. UNESCO ta saka yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002.

Na biyar, dutsen

Ka koma masauki kaci abinci ka ɗan kwanta, wajen ƙarfe 1 zuwa 2 na rana ka fito hawan Jabal Musa, tsayinsa mita 2,285. Kowa hawan dare yake yi dan ganin fitowar rana, sai ka iske ɗaruruwan mutane a saman ana ture-ture cikin sanyi. Hawan yamma kana ganin inda kake taka ƙafa, mutane kaɗan ne, kuma faɗuwar rana akan jajayen duwatsun nan bata da abin rainawa.

Dole ne ka ɗauki ɗan jagora daga ƙabilar Jabaliyya, doka ce, a bakin hanya ake haɗa ka dashi bayan ƴan sanda sun rubuta sunanka. Musulmi ne, kuma su da kansu suna cewa kakanninsu Justiniyan ne ya turo su tsaron gidan. Ku gama maganar kuɗi a ƙasa. Hanya biyu ce, ta raƙuma wacce mai mulkin Masar Abbas Pasha ya fasa a ƙarni na 19, doguwa amma a kwance, awa biyu da rabi zuwa uku, da kuma matakalar tuba, tsani 3,750 da ƴan zuhudu suka jera da duwatsu, gajeriya amma tana cin gwiwa. Ka hau ta raƙuman. In ka gaji akwai raƙumin haya, amma shima iyakarsa inda hanyoyin suka haɗu, tsani 750 na ƙarshe kowa da ƙafarsa yake yinsu, sannu a hankali kana tsayawa kana shan ruwa, mai ciwon zuciya ko hawan jini ya nemi shawarar likita tun kafin ya baro gida. A hanya akwai rumfunan shayi, a sama ana hayar bargo. A ƙololuwar akwai ƙaramin coci da ƙaramin masallaci, kana iya yin magaribarka a nan, ka taho da alwalarka ko ruwanka. Dutsen da zaka hango ta kudu wanda ya fi wanda kake kai tsawo shine Jabal Katrin, mafi tsawo a duk Masar. Rana na faɗuwa ka saka rigar sanyi ka kunna tocila ka sauko ta hanyar raƙuma, matakalar tuba ba'a binta a duhu.

Na shida, komawa

Kar ka maimaita hanyar jiya in kana da hali. Ka cika tanki a garin, ka kama titin gabas mai gangarawa Dahab, kusan kilomita 130, awa biyu. Duwatsun wannan ɓangaren daban ne, jan dutse yana ƙarewa sai farin yashi da duwatsu masu laushi da iska ta sassaƙe, kuma a nan ne Nawamis suke, ƴan ɗakunan dutse zagayayyu da aka binne mutane a ciki shekara fiye da 5,000 da suka wuce, ƙofofinsu duk suna kallon yamma. Su da dausayin Ain Khudra basa kan kwalta, sai ka faka a inda Badawiyyai ke jira a bakin titi su kaika da motarsu, ka shirya wannan ta hannun masaukinka tun daren jiya. Gangaren yana da tsawo, ka sa ƙaramar giya ka bar inji ya riƙe motar, in ka danne birki tun daga sama zai yi zafi ya daina kamawa. Daga Dahab in motar ta Alƙahira ce, ta Sharm da El Tor zaka zagayo ka hau titin bakin tekun da ka biyo, wannan yini guda ne cur, dan haka ka kwana a Dahab ka tashi da sassafe.